Kafin A Cire Yanar Ido, A Tambaya Ko An Auna Idon

Da wuya shekara ta ƙare ba a ji sanarwar aikin ido kyauta a wani gari na Arewa ba. Yau gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyi, gobe wani attajiri ne ko ɗan siyasa, jibi kuwa wata ƙungiyar agaji ce daga ƙasashen waje. Da an faɗa a rediyo sai waya ta shiga kai-da-kawowa tsakanin gida da 'yan'uwa mazauna Kudu. A kira na Agege da na Mile 12, a kira na Sabo a Badun, a kira na Anacha da na Fatakwal, a ce ga dama ta samu, a aiko da kuɗin mota za a kai Baba ko Inna a cire musu yana. Waɗansu ma ba su jiran irin wannan rana. Sai su aika a ɗauko tsoho, su kai shi asibitin koyarwa na Ikko, wanda ke Idi-Araba daf da unguwar Hausawa, ko kuwa na Badun, su biya daga aljihunsu.

Tambayoyin da akan yi a irin wannan hali sanannu ne: nawa ne kuɗin aiki, kwana nawa za a yi a asibiti, yaushe za a buɗe ido. Akwai wata tambaya da ba safai akan yi ta ba, alhali kuwa ita ce ke nuna irin ganin da tsoho zai ƙarasa rayuwarsa da shi. Tambayar ita ce, shin an auna idon kafin a shiga da shi ɗakin aiki?

Awon da ake nufi ba na karanta haruffa a jikin bango ba ne. Awo ne na tsawon ƙwayar ido ita kanta, daga gabanta zuwa bayanta, wanda a jikin yawancin manya bai wuce milimita 22 zuwa 25 ba, watau bai kai inci ɗaya cikakke ba. Kuskuren milimita ɗaya tak a wannan awo ya isa ya sa mutumin da aka yi wa aiki mai kyau ya kasa gane fuskar wanda ke tsaye a bakin ƙofar zaurensa.

ABIN DA AKE CIREWA

Mutane da yawa suna tsammani yana wata fata ce da ke tsirowa a kan ido, likita ya sa wuƙa ya kankare ta. Ba haka abin yake ba. A cikin ido, bayan baƙin nan da ake gani, akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda bai fi ƙwayar wake girma ba. Aikinsa shi ne tattara hasken da ya shigo ya ɗora shi daidai a kan wani allo da ke shimfiɗe a can bayan ido, kamar yadda injin majigi ke jefa hoto a kan farin ƙyalle. Idan shekaru suka ja, ko ciwon sukari ya daɗe a jiki, ko an taɓa bugun idon, sai madubin nan ya fara gurɓacewa, ya yi hazo, har ya koma fari fat. To, wannan ita ce yana. Ba a goge ta, ba maganin ɗigawa da ke narkar da ita. Madubin ne ɗungurungum ake cirewa.

Sai dai madubin ba shi kaɗai ke tattara haske ba. A gaban ido akwai wani gilashi na halitta mai kama da gilashin agogo, wanda ya rufe baƙin ido, shi ne ma ke yin kashi biyu cikin uku na aikin. Likitoci suna auna ƙarfin tattara haske da wani ma'auni da suke kira diyofta, wanda shi ne abin da masu sayar da tabarau ke ce wa lamba. Ƙarfin ido gaba ɗaya wajen lamba 60 ne. Gilashin gaba yana da kamar 43, madubin ciki kuwa yana da kusan 20. Saboda haka in an cire madubin ba a mai da wani abu a gurbinsa ba, ido zai ga haske, zai ga motsi da inuwar mutane, amma kome zai zama dishi-dishi.

Waɗanda suka manyanta za su tuna da tsofaffin da aka yi wa aikin ido a shekarun baya, masu yawo da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Wannan tabarau, mai lamba 10 ko fiye, shi ne ke maye gurbin madubin da aka cire. Yana sa a gani, amma yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, har mutum ya kai hannu ga kofi ya kuskure, ko ya taka matakala ba daidai ba. Abin da ya fi muni, ranar da tabarau ya faɗi ya fashe a ƙauye, ran nan makanta ta dawo.

LIKITAN DA YA FARA, DA KUSKURENSA

Wanda ya fara tunanin dasa madubin roba a cikin ido wani likita ne Baturen Ingila mai suna Harold Ridley. Mutumin ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an turo shi aikin soja ƙasar Gwalkwas, wadda ita ce Gana a yau, ya kuma tafi har garin Funsi a arewacin ƙasar ya duba idanun waɗanda ke fama da makantar nan da ƙudan bakin kogi ke kawowa, ya wallafa abin da ya gano a 1945. A lokacin yaƙin kuma ya lura da wani abu a jikin matuƙa jiragen saman yaƙi. Idan harsashi ya fasa rumfar jirgi, ɓarɓashin robar rumfar yakan shiga idanunsu ya zauna, amma ido bai cika yin fushi da shi ba kamar yadda yake yi da ƙarfe ko itace. Daga nan ya ga ashe akwai abin da ido zai iya riƙewa shekara da shekaru.

A ranar 29 ga watan Nuwamba, 1949, a asibitin St Thomas na birnin Landan, Ridley ya sa wa wata mata madubin roba na farko a tarihi. Aikin hannu ya yi kyau, ido ya karɓi robar. Amma da aka gwada ganinta sai aka tarar madubin ya yi wa idon ƙarfi ƙwarai, kuskuren ya haura lamba 10, har matar ba ta iya ganin abu sosai sai an kawo shi daf da hancinta. Dalili kuwa shi ne an ƙera madubin bisa siffar madubin halitta, alhali roba ta fi shi lanƙwasa haske. Tun daga aikin farko ke nan aka gane cewa ƙwarewar hannu ba ta isa ba, sai an haɗa da lissafi.

Abokan aikin Ridley sun daɗe suna sukarsa, suna ganin ganganci ne a bar wani baƙon abu a cikin ido. Sai a ƙarshen rayuwarsa aka yi masa adalci, Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a shekarar 2000, ya rasu a 2001. A yau kusan duk wanda aka cire wa yana a asibiti ana dasa masa irin wannan madubi.

LISSAFIN

Bayan Ridley, an yi shekaru likitoci suna sa wa kowa madubi mai lamba kusan ɗaya, ko kuwa su tambayi mutum lambar tabaransa na dā su yi kintace. A 1967 wani likita ɗan ƙasar Rasha, Svyatoslav Fyodorov, ya fito da hanyar lissafi wadda ta dogara ga awon idon mutumin da za a yi wa aiki. A 1980 kuma waɗansu likitocin Amurka su uku, Sanders da Retzlaff da Kraff, suka tattara sakamakon ayyuka masu yawa suka fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi wadda ake kira da haruffan farkon sunayensu, SRK. An daina dogara da ita a asibitocin zamani, domin an sami waɗanda suka fi ta, amma har yanzu ita ce ta fi nuna wa wanda ba likita ba yadda abin yake.

Ga yadda take. Kowane irin madubi yana zuwa da wata lamba ta kamfanin da ya ƙera shi, a ce 118. Sai a ninka tsawon ido sau biyu da rabi a ɗebe daga wannan lamba. Sa'an nan a ɗauki ƙarfin gilashin gaban ido a ninka da 0.9, shi ma a ɗebe. Abin da ya rage shi ne lambar madubin da za a dasa. A ɗauki mutumin da tsawon idonsa milimita 23.5 ne, ƙarfin gilashin gabansa 43.5. Lissafi zai ba da lamba 20. Idan maƙwabcinsa yana da gilashin gaba iri ɗaya amma tsawon idonsa 21.5 ne, shi lamba 25 yake bukata. Wani kuma mai ido dogo, milimita 26, lamba 14 ta ishe shi. Mutum uku ke nan, ga ido duk kamarsu ɗaya, ba wanda zai dube su ya san bambancin, amma tsakanin na biyu da na uku akwai tazarar lamba 11.

Da an dubi ƙa'idar za a ga dalilin da ya sa tsawon ido ya fi kome muhimmanci: shi ne ake ninkawa sau biyu da rabi. In mai awo ya kuskure da milimita ɗaya, mutum zai tashi da kuskuren lamba biyu da rabi ko fiye a ganinsa. Wanda aka sa wa madubin da ya yi masa ƙarfi da wannan gwargwado, ganinsa na sosai zai tsaya a santimita 40, kusan kamu ɗaya daga fuskarsa. Abin da ya wuce nan sai dishi-dishi. Wanda kuma aka sa wa madubin da ya gaza, nasa ya fi ban tausayi, domin madubin roba ba ya miƙewa ba ya takurewa kamar na yaro, saboda haka ba na nesa zai gani sosai ba, balle na kusa. Wani likitan ƙasar Denmak, Thomas Olsen, ya bi diddigin irin waɗannan kurakurai a 1992, ya tarar fiye da rabinsu daga awon tsawon ido suke fitowa.

Ƙa'idodin da suka biyo baya, irin su Holladay ta 1988, da SRK/T ta 1990, da Hoffer Q ta 1993, da ta Barrett wadda ake yayi a yanzu, duk sun zo ne don gyara inda ta farko ke kasawa, watau a wajen idanun da suka cika gajarta ko suka cika tsawo. Kwamfutar da ke cikin na'urar awo ita ce ke yin lissafin cikin ƙiftawar ido. Amma ba wadda za ta ba da amsar kirki in an ba ta awon banza.

YADDA AKE AWON

Ba a iya sa ma'auni a cikin ido, saboda haka amsa-kuwwa ake aikawa. Na'urar da aka fi samu a asibitocin ƙasar nan 'yar'uwar wadda ake duba cikin mata masu juna biyu ce da ita. Ana ɗiga maganin da zai kashe zafi a ido, sa'an nan a kawo wani ɗan sanda mai kamar alƙalami a taɓa gilashin gaban ido da bakinsa. Sandan yana aika wani sauti wanda kunne ba ya ji, sautin ya ratsa ido ya bugi allon baya ya dawo. An san gudun sauti a cikin ruwan ido, mita 1,532 ne a daƙiƙa, a cikin madubi kuwa 1,641. Zuwa da dawowa duka wajen kashi 30 cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya ne. Na'ura ta ƙirga wannan ɗan lokaci, ta mai da shi milimita. Ba zafi, ba jini, minti kaɗan an gama.

Sauƙin abin shi ne haɗarinsa. Ido abu ne mai laushi. In mai awo ya ɗan danna sandan, gilashin gaba zai lotsa, ido ya gajarce da kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na milimita, na'ura kuwa ba ruwanta, abin da ta gani za ta rubuta. Sakamakon haka sai a zaɓi madubin da ya fi ƙarfin idon. In kuma sandan ya karkace, sauti zai sauka a wani wuri dabam ba tsakiyar allon gani ba. Shi ya sa ma'aikacin kirki ba ya yarda da awo ɗaya. Yakan maimaita sau da dama ya ga ko lambobin sun yi kusa da juna, yakan kuma auna ɗaya idon ko da ba shi za a yi wa aiki ba, domin idanun mutum biyu ba su cika bambanta da yawa ba. In ya ga tazarar da ta wuce kashi uku cikin goma na milimita, sai ya sake daga farko.

Akwai dabarar da ta kauce wa dannawa. Ana kwantar da mutum, a ɗora wani ɗan ƙoƙon roba marar gindi a kan ido, a cika shi da ruwan gishiri na asibiti, a tsoma sandan a cikin ruwan ba tare da ya taɓa ido ba. Sauti yana ratsa ruwa lafiya lau. Na'urar ita ce dai waccan, ƙoƙon kuma ba wani kuɗi ba ne, amma awon ya fi zama daidai, kuma ba ya sauyawa da nauyin hannun mai awo. Abin da ke hana yawaita ta shi ne tana ɗan cin lokaci, tana kuma bukatar a koya. A wurin da mutum ɗari ke kan layi, ma'aikaci yakan zaɓi mai sauri.

A 1999 kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da wata na'ura mai suna IOLMaster, wadda ke awo da haske maimakon sauti. Mutum zai zauna ya ɗora haɓarsa, ya kalli wani ɗan ɗigon haske, ba abin da zai taɓa idonsa. Awonta ya fi na sauti daidaito nesa ba kusa ba, kuma a lokaci guda take auna ƙarfin gilashin gaba. Manyan asibitocin ido na Ikko da Abuja da waɗansu birane suna da irinta. Amma a nan akwai wani abu da ya shafi mutanenmu kai tsaye. Haske ba ya ratsa yanar da ta nuna ta yi fari ko ta yi baƙi ƙirin. Bature yakan je asibiti tun yana ganin hazo kaɗan a jarida, namu kuwa sai an fara ja masa gora. Sababbin na'urorin haske da suka fito daga wajen 2014 sun fi ratsa yana mai kauri, amma duk da haka akwai idanun da ke gagararsu, tilas a koma ga sauti. Don haka wanda aka auna wa tsohonsa da sandan sauti kada ya ɗauka an yi masa ha'inci. Mai yiwuwa ne ita kaɗai ce za ta yi a wannan ido. Wanda kuma ya kai nasa da wuri, tun yana iya kallon ɗigon haske, ya ba likita damar yin awo mafi kyau. Tsohuwar maganar nan ta cewa sai yana ta nuna ake cire ta, ta zamanin wancan aikin ce.

SANSANIN KYAUTA

Tsakanin 2005 da 2007 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tare da ƙungiyar Sightsavers da waɗansu masana suka yi binciken makanta a duk faɗin Nijeriya, suka duba mutum fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Sun tarar kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, abin da ya nuna akwai irinsu fiye da miliyan ɗaya a ƙasar a lokacin. Yana ita ce sanadin kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta. Arewa maso gabas ce ta fi ko'ina, da kashi 6.1, Kudu maso yamma kuwa 2.8. Binciken ya kuma tono wani abu mai tayar da hankali: a cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da huɗu cikin goma ba likita ne ya taɓa su ba, masu aikin gargajiya ne da ke sa tsinke su tura madubin ya faɗa can cikin ido. Yawancin waɗannan idanu an same su a makance.

Duk wanda ya dubi waɗannan lambobi ba zai raina sansanin kyauta ba. Ga tsohon da ya shekara uku a ɗaki, madubin da bai yi daidai ba ma ya fi duhu, ya kuma fi tsinken mai gargajiya sau dubu. Abin da ya sa aikin ya yiwu ga talaka shi ne faɗuwar kuɗin madubi. Tun da masana'antar Aurolab ta fara ƙera shi a birnin Madurai na Indiya a 1992, gidauniyar Fred Hollows kuma ta kafa nata masana'antun a Eritiriya da Nefal, madubin da a dā ya haura dala 100 ya sauko ƙasa da dala 10.

Sai dai a sansanin da ba a zo da na'urar awo ba, abin da akan yi shi ne a zo da kwalaye na madubi mai lamba 20 ko 21 ko 22 a yi ta sa wa kowa. Ga mai ido matsakaici, zai yi daidai ko kusa da daidai, kuma su ne suka fi yawa. Amma mai gajeren idon nan da ke bukatar lamba 25, da mai dogon idon da ke bukatar 14, su ma a layin suke. Ba wanda zai gane su sai bayan an kwance bandeji. Irinsu ne ke komawa ƙauye su ce an yi aiki amma ido bai buɗe sosai ba, maganar ta yaɗu, maƙwabta su ƙi zuwa baɗi. Wani lokaci kuma an yi awon, amma lambar da lissafi ya bayar babu ita a cikin kwali, sai a ɗauki wadda ta fi kusa. Wannan laifin masu shirya sansani ne, ba na likita ba. Mai ɗaukar nauyin aikin mutum dubu, wanda ke da kuɗin buga hotonsa a allunan kan titi, ba zai rasa na na'urar awo da madubi masu lamba iri-iri ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da gane cewa ƙirga yawan idanun da aka yi wa aiki ba ya nuna kome. Tun 1998 ta ce aikin kirki shi ne wanda aƙalla ido 80 cikin 100 za su iya karanta layin 6/18, watau su gani daga mita 6 abin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 18. A 2021 ƙasashen duniya suka amince a riƙa ƙirga waɗanda suka sami gani mai kyau ne kawai, aka kuma ɗaga ma'aunin zuwa 6/12. Asibitocin da suka daɗe a wannan aiki a Arewa, kamar asibitin ido na ECWA a Kano wanda aka kafa a 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna wadda aka kafa da dokar soja a 1979, suna cikin wuraren da ake horar da ma'aikatan ido.

ABIN DA ZA A FAƊA WA LIKITA

Awo ba ya cika sai likita ya san abin da mutum zai yi da idon. Madubin da aka fi dasawa wuri ɗaya yake gani sosai, ko nesa ko kusa, ba duka biyu ba. Direban da ke ɗauko shanu daga Potiskum zuwa Ikko nesa yake bukata, in ya so ya sa ɗan tabarau in zai duba waya. Tsohon malamin da ya daina tafiya, wanda babban burinsa ya koma ga Alƙur'aninsa da littattafansa, ko mai ɗinkin hula, ko tsohuwar da ke tsintar tsakuwa a shinkafa, waɗannan likita yana iya ƙara musu lamba kaɗan da gangan domin ganinsu ya zauna a kusa. In ba a faɗa ba, yawancin likitoci nesa suke nufa. Tsofaffinmu kuwa ba su cika magana a gaban likita ba, musamman a asibitin Kudu inda harshe ya bambanta. Ɗan rakiya ne ya kamata ya buɗe baki ya ce, Likita, Baba karatu yake yi, ko kuwa Baba har yanzu yana hawa babur zuwa gona.

Haka nan a faɗa in an taɓa yi wa idon wani aiki. Wanda aka yi wa aikin allon bayan ido aka zuba masa wani mai na musamman a ciki, sauti yana tafiya a hankali ƙwarai a cikin man nan, wajen mita 1,000 kawai a daƙiƙa, saboda haka in ba a gyara na'ura ba za ta nuna idon ya yi tsawon da ba shi da shi. Naman nan da ke tsirowa daga gefen farin ido ya hau kan baƙi, wanda ya yi yawa ga manoma da masu aiki a rana da ƙura, shi kuma yana jan gilashin gaba ya karkata awonsa, har wani lokaci likita ya ce sai an cire shi tukuna. Yaro da aka haifa da yana nasa lissafin dabam ne, domin idon jariri wajen milimita 17 ne, yana kuma ci gaba da girma bayan an dasa madubin.

Kada kuma a ɗora wa awo abin da ba nasa ba. In hawan jinin ido ya riga ya cinye jijiya, ko sukari ya lalata allon baya, madubi mai lamba daidai ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Ko da an yi kome daidai, ba a sanin ainihin inda madubi zai zauna bayan ido ya warke, saboda haka kuskuren rabin lamba ba abin mamaki ba ne. Wannan ne dalilin da ya sa ake ce wa mutum ya dawo bayan mako huɗu zuwa shida a gwada shi tabarau, kuma wannan dawowa ce aka fi yin watsi da ita, domin ɗan rakiya ya koma bakin kasuwarsa, tsoho kuma ya hau motar gida. Kuskure ƙarami tabarau yana gyara shi. Babba kuwa, in ido ɗaya ya yi nisa da ɗan'uwansa da lamba uku ko fiye, tabarau ba ya daɗi, mutum ya riƙa ganin abu biyu ko kansa ya riƙa ciwo, cire madubin a sauya wani kuwa aiki ne na biyu wanda ya fi na farko wuya.

Kowane madubi yana zuwa a cikin kwalinsa da 'yan takardu masu manne, ɗauke da sunan kamfani da lambarsa. Akan manna ɗaya a fayil ɗin asibiti, asibitoci da dama kuma sukan ba majiyyaci ɗaya a jikin katinsa. In ba a bayar ba, a roƙa a rubuta lambar madubin da tsawon idon a jikin katin sallama. Yana ba ta cika tsayawa a ido ɗaya ba, kuma wanda aka yi wa na dama a Badun bana, mai yiwuwa a Kano ko Sakkwato za a yi masa na hagu nan da shekara biyu. Likita na biyu, in ya ga lambar da aka sa a idon farko, ya kuma gwada yadda ganin ya zauna, zai san ko ya ƙara ko ya rage a na biyun.